Yarinyar da Na Ce wa Mummuna

Bayan rasuwar maigidana da kamar shekara guda, autata ta sa ni gaba a kan zaman gida. Tana can wani gari da mijinta, amma wayarta ba ta barina in sha iska. Kullum tambayar ɗaya ce: "Umma, kin fita yau?" Sai in ce na fita. Ban kuma yi ƙarya ba, don ina sauka in zubar da shara. Gidanmu a unguwar Thamesmead ta London yake, can sama a cikin dogayen benayen simintin nan, tagata tana kallon wani tafki da agwagin da ba su da aikin yi kamar ni. Sai in wuni ina kallonsu, shayi na hucewa a hannuna.

Ita ce ta nemo mini aikin sa kai a wani zauren unguwa da ke kusa da tashar bas. Duk ranar Asabar da safe iyaye suna koyon Turanci ko kwamfuta a ɗaki ɗaya, ana kula da ƙananan 'ya'yansu a ɗaki na gaba. Da aka ce sai an bincika halina kafin a ba ni izinin shiga, na yi tsaki. Ni da na raini 'ya'ya har na aurar, yau sai an tambayi hukuma kafin in share wa ɗan wani majina? Na dai haƙura aka yi binciken, aka ce ban taɓa cin kowa ba.

Shugabar wurin wata doguwar mata ce, iyayenta mutanen Jamaika, ita kuwa a nan London, a unguwar Catford aka haife ta. Ban taɓa ganin mai haƙuri irin nata ba, har haƙurin yakan ba ni haushi. Ta karanto mini dokoki: ba tsawa, ba harara, ba nuna yaro da yatsa, in za ka yi masa magana ka durƙusa ido ya daidaita da ido. Na ce a raina, gwiwoyin da ko a salla sai da lallashi suke lanƙwasuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne yabo. Yaro ya ci biskit, "well done." Ya wanke hannu bayan an roƙe shi, "well done." Ya zana wani abu da ba kaza ba ba mota ba, a ɗaga sama ana sambarka, a manna a bango. Ni uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini na iya tuwo ba. In ta ci ta yi shiru, to ya yi ke nan.

Duk da mitar da nake yi, wurin ya shiga raina. Yara sun fi agwagi hira. Akwai 'ya'yan Yarabawa, da Somaliyawa, da wasu tagwaye 'yan Poland masu gashi kamar gashin masara. Duk suna ce mini Grandma. Na koyi yanka tuffa ƙanana yadda ba za ta shaƙe kowa ba, na koyi waƙoƙinsu na bas da gizo-gizo, na kuma koyi haɗiye tsawa in ta taso mini. Tun daren Juma'a nake goge mayafina.

Wata Asabar, lokacin da ganye ya fara zuba, wata matashiya ta shigo riƙe da hannun yarinya. Tana ganin mayafina ta yi sallama, ta rusuna.

"Hajiya, ina gaishe ka. Kai Bahaushe ne?"

Nan take na gane 'yar zangon Kumasi ce. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne, kowa "kai" ne. Na amsa da murna, don na kwana biyu ban ji Hausa daga bakin da ba na waya ba. Sannan na dubi yarinyar, gabana ya faɗi. Shekararta huɗu. Baƙa ce wuluk mai sheƙi, idanu dara-dara, ga wushirya, ga kumatu masu lotsawa in ta yi murmushi. Irin yaran da in suka wuce a kasuwa sai an waiwaya. Kafin in yi wani tunani bakina ya riga ni.

"Wannan mummunar fa, daga ina kika samo ta?"

Uwar ta kwashe da dariya. "Jikanka ne, Hajiya. Ga shi nan na kawo maka."

Duk Bahaushe ya san abin da ya faru a nan. Kaka ba ta yabon jika, tsokanarsa take yi. Ta ce masa mai ƙaton kai, ta ce mata mai hancin karas a juye, shi kuma jikan ya rama ya ce tsohuwa mai ran ƙarfe, haƙora sun gudu sun bar ki. Kakata ta wajen uba "mai kan tulu" take ce mini, tana faɗa tana kwance bakin zaninta ta miƙo mini alewa. Ban taɓa kwana da shakkar tana sona ba. Bayan wasa kuma akwai tsoron baki. Yaron da aka cika yaba kyansa, baki yakan kama shi. Saboda haka in ka ga kyakkyawan yaro, ka rage masa, ka kushe shi kaɗan, ka kawar da ido daga kansa.

Haka muka ci gaba. Tana shigowa zan ce, "Mummuna ta iso, a ɓoye madubai." In ta zo wucewa in ja mata hanci in ce wa ya zauna a kansa. Tana jin Hausa sarai, sai dai da Turanci take amsawa, kamar yawancin yaran da aka haifa a nan. Ita kaɗai ce take ce mini Kaka, uwarta ta koya mata. In na yi tsokanar ina dariya, ita ma sai ta yi ɗan murmushi. Ni ce mai ɗaure mata takalmi, ni ce mai gyara mata kitso in ya warware, a cinyata take zama in ana karanta labari. In ana rabon 'ya'yan itace nakan faki idon shugaba in ƙara mata. A ganina mun fahimci juna ni da ita, muna da wani abu namu da sauran ba su sani ba.

Ranar da abin ya fito fili ana ruwa, irin yayyafin nan na London da ba ya jiƙa ka kuma ba ya barin ka ka bushe. Shugaba ta raba wa yara ƙananan madubai na roba da takarda da fenti, ta ce kowa ya dubi fuskarsa ya zana. Ɗakin ya kaure da surutu. Ɗaya daga cikin tagwayen ya yi wa kansa koren hanci. Ina zagayawa da tsumma ina goge fenti, sai na lura jikata ta kife madubinta a kan tebur. Ta zana riga ja, ta zana takalma, ta zana kitso har da duwatsun da ke bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Wurin fuska kuwa ta bar shi fari fat.

Shugaba ta durƙusa kusa da ita ta tambaye ta ina idanu, ina baki. Yarinyar ta ce ba ta son zanawa.

"Me ya sa?"

"Because it's mummuna."

Shugaba ta ce ba ta san wannan kalma ba, me take nufi? Yarinyar ta fassara mata daidai, ko tafinta bai fi ta ba. Ta ƙara da cewa Kaka ce ta faɗa. Ba kuka ta yi ba, ba kuma ƙarata ta kai ba. Ta faɗa ne kawai yadda yaro yake faɗin sunan unguwarsu. Sannan ta ɗauki buroshi ta ci gaba da ƙara wa rigar ja.

Bayan an tashi, shugaba ta ce in ɗan tsaya. Ta haɗa mana shayi, ta tambaye ni a hankali. Ni kuwa na hau. Na ce mata al'adarmu ce, wasa ne, tun kafin a haifi kakanninta ake yin sa, kuma ba wanda ya taɓa mutuwa da shi. Na ce su ne suka lalata yara da yabo, yaro ya yi atishawa a tafa masa. Na ce duk ɗakin nan ba wanda yake son yarinyar nan kamar ni. Ta bar ni na zazzage tas, sannan ta ce ta yarda ina sonta, kowa yana gani. Tambayarta ɗaya ce: ita yarinyar ta san wasa ne?

Na ɗauki jakata na fita ban shanye shayin ba. A cikin bas ina ta shirya amsoshin da ya kamata a ce na ba ta. Na isa gida na yanke cewa na bar wurin ke nan, su nemi wata Grandma mai zaƙin baki.

Ana cikin makon na je Peckham sayen busasshen kifi da daddawa, sai ga uwar yarinyar a shagon, ta taso daga aikin sharar ofisoshi, idanunta duk gajiya. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Ta rusuna kamar kullum, ta ce shugaba ta gaya mata abin da ya faru.

"Hajiya, don Allah kar ka yi fushi. Yaro ne, bai sani ba."

Wato ita ce ma take ba ni haƙuri. Na ce ta gaya mini gaskiya, a gida yarinyar tana wani abu? Ta ce kwanakin nan yarinyar ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Ta taɓa tambayarta ko akwai man da ake shafawa hanci ya canza. Ita ta zaci a makarantar rainon da take zuwa ne wani ya yi mata gori, har ta yi niyyar zuwa ta yi complain.

"A zango," in ji ta, "in kaka ya zage ka, mutum goma za su ce maka rama, rama. Kana gani ana yi wa kowa, kana ganin ana dariya. Nan ni kaɗai ne, kuma ina aiki. Shi bai taɓa ganin kaka ba sai kai. Abin da ka faɗa, shi ne gaskiya a wurin shi."

Na tsaya da ledar kifi a hannu, kunya ta rufe ni. Wata da watanni ina zuba wa yarinya magana, tana kwashewa tana ajiyewa, ni ina can ina jin daɗin wai muna wasa. Murmushin da take yi ashe ladabi ne kawai.

Gyaran a bayyane yake, ko yaro ya san shi: in je in gaya mata gaskiya, in ce mata kyakkyawa ce. Amma nan ne gizo yake saƙar. Ina da 'ya da na binne a Kano tun kafin mu zo ƙasar nan, ita ce ta biyu. Kyakkyawa ce ta nunawa, duk wanda ya shigo gidan sai ya tanka. Ni ma da ƙuruciya da rawar kai nakan yi mata kwalliya in ɗaga ta sama in ce duk unguwar nan ba kamarta. Tana shekara biyu ƙyanda ta ɗauke ta. Matan da suka zo gaisuwa suka ce baki ne. Maigidana ma'aikacin asibiti ne, ya ce ba baki ba ne, rigakafin ne ba a samu yi a kan lokaci ba, kuma kwana ne ya ƙare. Kaina ya yarda da shi, amma ƙirjina bai taɓa yarda ba. Na san malamai sun ce in ka ga abin sha'awa ka ce tubarkalla, ya isa. Ni dai na ga shiru ya fi mini kwanciyar hankali, kuma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura. Tun daga ranar ban sake buɗe baki na yabi kyan wani yaro ba, har da waɗanda na haifa daga baya.

Asabar ta zagayo na goge mayafi na tafi. Shugaba ta yi mini sannu da zuwa kamar ba abin da ya faru, na ji daɗin hakan. Jikata tana wurin kwandon yashi tana ɗura wa kofi. Na lallaɓa gwiwoyina na durƙusa a gabanta. Na ce mata a garinmu kakanni suna wani wasa, suna faɗin akasin abin da suke nufi. In sun ce mummuna, ba haka ba ne.

"Why?"

Na ce wasan tsofaffi ne, kuma ban kyauta ba da ban gaya mata wasa ba ne. Ta zuba mini idanun nan tana jira. Na yi bisimilla a zuci, na ce mata, "Ke kyakkyawa ce." Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Turancina. Na ce idanunki masu kyau ne, hancinki mai kyau ne ba wanda ya zauna a kansa, haƙoranki ma haka. Na bi da tubarkalla masha Allah har ban san sau nawa ba. Ta gwada maimaita kalmar, harshenta ya harɗe a tsakiya. Sannan ta ce "Okay," ta juya ta ci gaba da ɗura yashinta. Ni kuwa sai da na dafa tebur na miƙe.

Asabar ta gaba ba ta zo ba. Uwar ma ba ta zo aji ba. Duk wanda ya turo ƙofa sai na waiwaya. Na zuba wa wani yaro madara a kofin fenti, shugaba ta karɓe. Ana tashi na kira uwar, ba ta ɗauka ba. Sai bayan azahar ta kira ni.

"Hajiya, yarinya ba shi da lafiya. Zazzaɓi, kuma ƙuraje sun fito mashi duk jiki."

Na nemi kujera na zauna. Tana ta bayani cewa ƙarambau ne, likita ya gani, yana yawo a makarantarsu, yara da yawa sun kwanta. Ina jin ta kamar daga nesa. Zazzaɓi da ƙuraje, kwanaki kaɗan bayan na buɗe bakina. Na ce ta ba ni kwatancen gidan.

Na dama kunun gyaɗa na zuba a fulas, na hau bas biyu zuwa Catford. Duk hanya ina faɗa da kaina. Na ce ke da kika san halin bakinki, wa ya aike ki? Na yi alkawari a raina cewa in Allah ya tashi kafaɗar yarinyar nan, ba zan sake cewa komai a kan kamanninta ba, ba yabo ba kushe. Zan ɗaure mata takalmi, in yanka mata tuffa, in ja bakina in yi shiru.

Ɗakinsu ƙarami ne, a saman wani shagon aski, injin ɗumama ɗaki yana ta aiki. Tana kwance a kan kujera cikin bargo, ana nuna zane-zanen yara a talabijin. Kitson ya tsefe. Fuskar duk ƙuraje, har a fatar ido, an bi kowanne an ɗiga masa farin magani. Da ta gan ni ta yunƙura ta zauna.

"Kaka, look at my face."

Na ce na gani, sannu, Allah ya sawwaƙe. Na shiga kiciniyar buɗe fulas don kada mu haɗa ido. Uwar ta tafi ɗauko kofi. Yarinyar ta kai yatsa ta taɓa kumatunta a hankali, ta dube ni, ta tambaya da Turanci ko har yanzu ita ce wannan abin da na ce. Kalmar kuwa da Hausa ta faɗe ta, ta rarraba ta gida-gida don kada ta harɗe: kyak-kya-wa. Ashe duk makon nan tana riƙe da ita.

Ta warke daga baya, alhamdu lillahi, ɗan tabo ɗaya ya rage mata a goshi. Amma a wannan yammacin ban san za ta warke ba. Abin da na sani shi ne jikinta da zafi, tsoro ya cika mini ciki, kuma tana jiran amsa daga bakin kakar da take da ita guda ɗaya. In na yi shiru, shirun ma za ta ɗauka ta ajiye.

Na ajiye fulas ɗin, na durƙusa a gaban kujerar, na dubi fuskar da kyau, ƙurji bayan ƙurji.

"Har yanzu," na ce. "Kyakkyawa ce ke, tubarkalla. Yau ma, gobe ma."

Ta gyaɗa kai, ta ja bargonta gefe ta matsa mini wuri, ta ce in zauna amma kada in taɓa ƙurajen, Mummy ta hana.